Takobin da Tahir Maƙeri ya zaɓa da ƙusa

A ɗakin ƙasa na gidan Injiniya Muntaka Tahir da ke Greenbelt, a jihar Maryland, akwai takubba goma sha huɗu. Goma sha ɗaya na Japan ne, biyu na China ne masu faɗi irin na sara, na ƙarshen kuma shi ma na Japan ne, sai dai yana cikin kuben jan fata ɗinkin dukawan Kano. Kowanne yana kwance a kan katakonsa, kaifi na kallon sama, da ɗan kati a gefe mai ɗauke da inda aka samo shi da sunan sojan da ya kawo shi gida. Ɗakin ƙanshin kanumfari yake yi, saboda man da ake shafa wa takubban. Matarsa Hajiya Habibatu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce duk baƙuwar da ta shigo gidan sai ta tambaya ko yaji ake dakawa a ƙasa.

Muntaka yana da shekara sittin da biyu. Aikinsa duba walda ne a wani kamfani da ke Alexandria mai karɓar kwangilar gwamnati. Kullum da safe yakan hau jirgin ƙasa daga tashar Greenbelt, ya sauya wani a tsakiyar Washington, ya ƙetare kogi. Mutum ne mai magana a hankali, kuma ba ya cewa ya san abu sai ya auna shi. Shi da kansa ya ce ba haka yake ba a dā.

Takobi mai jan kuben nan shi ne dalilin sauran goma sha ukun. A kansa Muntaka ya taɓa ƙaryata mahaifinsa a gaban mutane, kuma ya yi shekara talatin da takwas bai san wane ne mai gaskiya a tsakaninsu ba.

Mahaifin nasa, Malam Tahir, maƙeri ne a Rano, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka ɗauke shi soja aka kai shi yaƙin Bama, can Asiya. Yakan ce shi bai yi wani harbi ba, aikinsa gyaran adduna da gatura ne da ake sarar daji da su. Da Japanawa suka ajiye makamai, aka tara takubban hafsoshinsu a wani fili. Turawan da ke kan rundunar suka zaɓi nasu, sannan wani kyaftin da Tahir ya taɓa gyara wa wuƙa ya ce shi ma ya ɗauki ɗaya. Babu takardar da ta tabbatar da wannan. Haka iyalin suka ji daga bakinsa, kuma bai taɓa sauya labarin ba.

Tahir bai duba ado ba. Ƙusa ya ciro daga aljihu, ya riƙa zare takubban ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan ƙwanƙwasa kowanne yana kara kunne. Wanda ya ɗauka a ƙarshe, zaren mariƙinsa ya warware, kubensa ya lotsa. Abokansa suka yi ta yi masa dariya, suna cewa an ba ɗan Rano zaɓi ya ɗauko juji. Shi kuwa ya ce musu wannan kaɗai ne maƙeri ya yi da hannunsa, sauran duk inji ne. Da ya dawo Rano ya ci gaba da faɗar haka. Yakan fito da takobin in an yi baƙo a maƙera, ya shafa masa mai, ya ce: “Wanda ya yi wannan ɗan'uwanmu ne. Ninke ƙarfen ya yi ta yi, kamar yadda mata ke ninke alkaki.”

A 1985 Muntaka ya gama karatun ilimin ƙarafa a jami'a a Zariya, ya dawo gida. Wata ranar kasuwa da la'asar, mutum bakwai na zaune a maƙera, yayansa Ubale yana kan zuga-zugi, tsohon ya fito da takobin zai nuna wa wani baƙo. Muntaka na tsaye daga bakin ƙofa.

“Baba, ai a yaƙin nan a masana'anta aka riƙa buga su dubu-dubu,” in ji shi. “Kuma ba a gane ƙarfe da kunne. Sai an kai shi ɗakin gwaji.”

Ubale ya tsayar da zuga-zugi. Malam Tahir ya goge takobin da gefen rigarsa, ya mayar cikin kube, ya ce: “To, Injiniya.”

Daga ranar ya daina kiran ɗansa da sunansa, sai Injiniya. Ya sa takobin a adaka, bai ƙara fito da shi ba. Ba a yi faɗa ba, ba a yi gaba ba. Da Muntaka zai tafi Amurka a 1989 tsohon ya raka shi har tasha ya sa masa albarka. Ya rasu a 1998, maganar tana nan inda aka bar ta.

Tara takubba ya faro ne bayan shekara huɗu da rasuwar. A lokacin Muntaka da iyalinsa suna haya a wani rukunin gidaje a Greenbelt, kuma wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai suna Olive ta roƙe shi ya taya ta jan kabad. A bayan kabad ɗin akwai wani dogon abu a naɗe cikin bargo. Ta ce na mijinta ne da ya rasu, ya yi aikin soja a Japan bayan yaƙi, kuma 'ya'yanta ba sa so. Muntaka ya ce da ya zare shi ya ji man da ya daskare a jiki, sai ya ga kamar yana tsaye a ƙofar maƙerar Rano. Ya saya a hannunta. Daga nan ya fara bin gwanjon kayan gida da ake yi in tsofaffi sun rasu, a Maryland da Virginia. Sojojin Amurka sun kwaso irin waɗannan takubba da yawa bayan yaƙin, kuma har yanzu suna fitowa daga bayan kabad da saman silin.

Ya kuma shiga wata ƙungiyar masu sha'awar takubban da ke haɗuwa sau ɗaya a wata a ɗakin taro na wani laburare a Alexandria. Shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikinsu. Suna da ladubbansu. Ba a magana a kan takobi tsirara don kada yawu ya faɗa masa, ba a taɓa ruwansa da hannu, kuma kafin a ɗauka akan ɗan rusuna masa. Muntaka ya gaya musu tun ranar farko cewa shi ba ya rusuna wa ƙarfe, bismilla zai yi. Suka ce ba laifi. Yanzu in ya makara, wani tsohon lauya a cikinsu yakan ce a jira mai addu'a ya iso.

A nan ya gano cewa rabin abin da ya faɗa a 1985 gaskiya ne. An buga takubba da yawa a masana'anta lokacin yaƙin, daga sandar ƙarfe, aka tsoma su a mai, kuma galibi akan buga musu hatimi. Amma akwai maƙeran da suka ci gaba da ƙira da hannu, akwai kuma hafsoshin da suka ɗauko takobin kakanninsu suka sa masa mariƙi da kube irin na soja suka tafi da shi daji. Daga waje ba a bambancewa.

“Ban san wannan rabin ba,” in ji Muntaka. “Da rabin da na sani na tsinka mahaifina.”

Ya gwada dabarar ƙusar ma, a ɓoye, don 'yan ƙungiya za su iya suma in suka gani. Ya ƙwanƙwasa na inji, ya ƙwanƙwasa na hannu. Ya ce shi dai bai ji wani bambanci ba.

Abin da masana ke fara dubawa shi ne wutsiyar takobi, wato ƙarfen da ke shigewa cikin mariƙi. A nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, a nan masana'anta ke buga hatiminta. Baƙar tsatsar da ke kwance a wurin kuma ita ke nuna shekaru, don haka doka ta farko da ake koya wa sabon shiga ita ce kada ya kuskura ya goge wutsiya. Muntaka ya riƙe wannan doka har ya zama shi ake turawa ya yi wa sababbi bayani. Ya ce ya fi shekara ashirin yana faɗa wa jikokin sojoji cewa su bar tsatsar nan inda take.

A duk tsawon lokacin, takobin Malam Tahir yana cikin adaka a Rano, a hannun Ubale, wanda ya gaji maƙerar. Muntaka ya je gida sau da yawa, ya ga adakar a ƙarƙashin gado, bai taɓa cewa a buɗe ba. Ya ce bai ga da wane baki zai tambaya ba. A damina ta 2023 Ubale da kansa ya tayar da maganar a waya. Ya ce gara ta shiga adakar, takobin ya fara tsatsa, kuma tun da an ce Muntaka ya zama mai tara irinsu, gara ya koma wurinsa. Hajiya Habibatu za ta zo Kano biki a watan Agusta, sai ta taho da shi.

Muntaka ya san abin da zai biyo baya. A gidan maƙera ba a ba mutum ƙarfe da tsatsa. Ko lauje aka kawo gyara, sai an goge shi kafin a mayar wa mai shi, balle kayan da za a aika wa ɗan'uwa a wata ƙasa. Ya gaya wa matarsa damuwarsa suna cin abinci.

“To Abban Najiba, ka kira shi mana ka ce kada ya taɓa,” in ji ta. Najiba ita ce 'yarsu ta fari.

“In gaya wa Yaya Ubale yadda ake riƙon ƙarfe? Ni?”

“Ba kai ne injiniyan ba?”

“Ai injiniyan ne ya jawo.”

Sau uku ya kira Rano da niyyar faɗa. Sukan gaisa, su yi maganar ruwan sama da tsadar gawayi da ciwon gwiwar Ubale, sannan su yi sallama. Ya ce duk lokacin da ya buɗe baki sai ya tuna a wannan maƙerar ya taɓa gyara wa babba magana a kan ƙarfe, sai ya haɗiye. A ƙarshe ya ɗora wa Habibatu saƙon, ya ce in ta je ta san yadda za ta yi.

“Wato kai da kuke uwa ɗaya uba ɗaya ka kasa, ni matar ƙani ce zan iya,” in ji ta. “Allah ya kai mu.”

Ba ta ma sami damar gwadawa ba. Da ta isa Rano, Ubale ya gama aikinsa da kwana biyar.

Ran da ta dawo, bayan la'asar, ta shimfiɗa abin a kan teburin cin abinci ta warware farin ƙyallen da aka naɗe shi. Sabon kube ne na jan fata da zanen kore. Sabon mariƙi ne na icen ƙirya, an naɗe shi da fata. Muntaka ya yi bismilla ya zare. Ruwan takobin yana walƙiya kamar sabuwar tasa, sawun dutsen washi ya bi shi daga tushe har tsini. A wata leda daban ga tsohon mariƙin da gara ta ci. Ya ɗauko ƙaramar guduma ya fitar da ƙusar da ta riƙe sabon mariƙin, ya zare shi. Wutsiyar fara fat. Ubale ya ci ta da magagari don ta zauna daidai a cikin icen. In akwai hatimi, ya tafi. In akwai suna, ya tafi. Abin da ya rage huda biyu ne da wasu 'yan gajerun zane biyu a gefe.

“Yaya ya ce in gaya maka kwana huɗu ya yi a kansa,” in ji Habibatu. “Ya ce ba za a ce kayan gidan Tahir Maƙeri ya shiga Amurka da tsatsa ba.”

Muntaka ya ja kujera ya zauna. Ta ce ya daɗe yana kallon wutsiyar, sannan ya tambaye ta ko hanya ta yi kyau.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya cewa wani abu. Sunansa Matthew, Bature ne ɗan ƙungiyar tasu, yana zaune a Fort Washington kusa da kogin Potomac. A dā haƙoran roba yake yi, daga baya ya yi shekaru yana koyon wasa takubban Japan a hannun wani gwani, har ya bar wancan aikin. A garejin gidansa yake aiki, a zaune a kan wata 'yar kujera, ya take dutsen washi da ƙafa, ga bokitin ruwa a gabansa. Wanda ya kawo masa takobi yau, sai ya jira shekara biyu. Muntaka ya kai masa wata Asabar da safe. Da Turanci suka yi maganar.

Matthew ya juya takobin a gaban fitila, ya duba wutsiyar, ya ajiye, ya cire tabarau.

“Wa ya yi wannan?”

“Yayana.”

“Ya tsane ka ne?”

“A'a. Kwana huɗu ya yi yana girmama ni.”

Matthew ya sake ɗauka ya bi bayan takobin da ido, kamar mai duba ko sanda ta miƙe. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutumin ya iya. Bai sa inji ba, bai bar ƙarfen ya yi zafi ba, bai zaftare gefe ɗaya ya bar ɗaya ba. Da a hannun wani ya faɗa, da yanzu sai dai a sare ciyawa da shi. Tun da wutsiya ta tafi, hanya ɗaya ta rage, ita ce abin da suke kira buɗe taga. Zai zaɓi wuri kamar faɗin yatsa uku a jikin ruwan takobin, ya bi shi da duwatsu daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya kai ga 'yan ɓarɓashin dutse da ake murzawa da babban yatsa. In ninkakken ƙarfe ne, zanen ninkin zai fito. In sandar masana'anta ce, wurin zai fito sumul kamar bayan cokali. Ya ce taga ba ta cin lokaci kamar cikakken aiki, zai sa shi a tsakanin wasu.

“Amma ka shirya jin ko wanne?” in ji Matthew, wanda ya san labarin maƙerar Rano.

“In inji ne, ni ke da gaskiya, kuma ba zan ji daɗi ba,” in ji Muntaka. “In hannu ne, na yi wa mahaifina laifi. Shi nake fata.”

Sati uku ya jira. Habibatu ta ce a satittikan nan sau biyu yana wuce tashar da zai sauya jirgi. Ubale ya kira sau ɗaya ya tambaya ko saƙo ya iso lafiya, Muntaka ya ce ya iso, ya yi godiya, ya yaba kuben.

Asabar ta uku, wajen ƙarfe goma na safe, Matthew ya kashe fitilun garejin ya bar ƙwan lantarki ɗaya, ya miƙa masa takobin a kan ƙyalle, ya nuna masa yadda zai karkata shi. A tsakiyar walƙiyar da Ubale ya bari akwai wuri ɗaya mai duhu-duhu, kamar ruwan rijiya. A cikinsa zane ne siriri yana tafiya yana lanƙwasa, irin wanda ake gani a jikin katako in an fere shi. Kusa da kaifi kuma ga wani farin layi yana hawa yana sauka, gefensa da 'yan ƙyalƙyali kamar yashi mai laushi. Muntaka ya yi shekara talatin yana duba ƙarfe a wurin aiki, ba ya buƙatar a fassara masa. Duk da haka ya bar Matthew ya faɗa.

Ninkakken ƙarfe ne, in ji Matthew, kuma a ruwa aka tsoma shi, ba a mai ba. Hudar nan biyu a wutsiya na nuna an taɓa sauya masa mariƙi tun kafin na soja. Da ganin siffarsa ya girmi yaƙin nesa ba kusa ba, zai iya kai shekara ɗari uku. Amma ba zai rantse a kan shekarun ba, kuma ba zai iya faɗar wanda ya ƙera ba. Zanen nan biyu da suka rage a gefe ragowar suna ne, sauran ya bi magagari.

Muntaka bai jira ya koma gida ba. A nan farfajiyar gidan Matthew ya tsaya ya kira Rano ta bidiyo. A can an idar da la'asar, mutane na zaune a maƙera. Ubale ya ɗauka, hoton ya fara nuna hularsa da rufin kwano kafin fuskarsa ta fito. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gwiwa.

“Yaya, Malam Misbahu yana nan?”

Malam Misbahu mai gawayi shi kaɗai ya rage da rai, ban da Ubale, cikin bakwai ɗin da suka ji maganar 1985.

“Ga shi nan yana gyangyaɗi. Lafiya?”

“A matso da shi. A ƙara sautin wayar kuma, ina so kowa ya ji.”

Aka matso da tsohon. Muntaka ya kara wayar a kan tagar da aka buɗe a jikin ƙarfen, ya karkata takobin a rana. Ubale ya kawo fuskarsa dab da gilashin wayar.

“Kai, tsaya. Mayar da shi baya kaɗan. Wannan ai ninki ne.”

“Ninki ne, Yaya. Malam Misbahu, kana wurin ran da na ce wa Baba inji ne ya buga takobin nan, na ce ba a gane ƙarfe da kunne. To a gabanku na faɗa, a gabanku nake janyewa. Baba ne ke da gaskiya. Ni ne ban sani ba.”

Tsohon ya ce a maimaita masa, aka maimaita da ƙarfi. Ya ce Allah ya jiƙan Tahir, mutanen wurin suka amsa. Sannan ya ce shi dai tun a lokacin ya san yaron nan bai da kunya, aka yi dariya.

“Shekara talatin da takwas,” in ji Ubale, “da digiri, da jirgin sama, da Bature, kafin ka ji abin da ƙusa ta gaya wa Baba a tsaye. Sannu Injiniya. To wane ne maƙerin? Baturen ya faɗi sunansa? A sa shi a addu'a, ko ba Musulmi ba ne a ce an gode.”

Muntaka ya ce a nan ne ya ga hanya biyu a gabansa. Zai iya cewa ba a sani ba, ya tsaya nan, kuma ba ƙarya ya yi ba.

“Sunan yana jikin wutsiya, Yaya. Inda magagari ya bi.”

Hoton ya tsaya cak, har Muntaka ya zaci layin ne ya yanke.

“Ƙananan zanen nan da ke ƙarƙashin tsatsa?”

“Su ne.”

“Ka san da haka kafin in taɓa?”

“Na sani.”

“Sau uku ka kira ni kana tambayata farashin gawayi. Me ya hana ka faɗa?”

“Na ji nauyinka ne, Yaya.”

“Nauyi? Ka ji nauyina, ka bar ni na goge sunan maƙeri ɗan'uwana da hannuna?” Ubale ya cire hula ya share goshi ya mayar. “Muntaka, ka saurare ni. Baba ba don ka yi magana ya ji haushi ba. Don ka faɗi abin da ba ka sani ba ne. Wannan karon ka sani, ka yi shiru. Duka biyun ba ka kyauta ba.”

“Haka ne, Yaya. A yi haƙuri.”

“Ya wuce. Baturen me ya ce game da aikina?”

“Ya ce hannunka na da kyau, shi ya sa ya fi jin haushi.”

Ubale ya yi dariya har wayar ta karkace, ya juya ya faɗa wa na kusa da shi. Da ya dawo ya ce in Muntaka na son sanin abin da Baba ke ji, ya zo da Sallah ya zauna a maƙera sati guda ya rufe baki, wataƙila kunnen ya buɗe. Ya ce shi ma yana ji, amma bai kai Baba ba.

Matthew ya ce zai iya wasa takobin gaba ɗaya, zai kuma iya mayar wa wutsiyar baƙinta da magani yadda ba kowa zai gane ba. Muntaka ya sa sunansa a layin wasawa, shekara biyu. Maganar wutsiya kuwa ya ce a bar ta fara, don duk wanda takobin ya faɗa hannunsa nan gaba ya ga abin da ya faru. 'Yan ƙungiya sun ba shi shawarar ya sa a yi masa farin kube na katako irin na Japan don ajiya. Ya karɓi shawarar saboda lafiyar ƙarfen, amma har a gama wannan, takobin na nan cikin jan kubensa.

A taron wata na gaba shi aka sake ba sababbin shiga, mutum uku, biyu daga cikinsu sun zo da takubban kakanninsu. Ya zare mariƙin icen ƙirya ya zagaya da farar wutsiyar kowa ya gani, ya ce musu wannan aikin gwani ne, kuma laifin wanda ya sani ya ƙi faɗa ne.

Katin da ke gefen takobin a ɗakin ƙasa da Hausa aka rubuta shi, shi kaɗai a cikin goma sha huɗun. Ga abin da ke jiki: “Ƙirar hannu. Sunan maƙerin ya ɓata. Tahir Maƙeri na Rano ya zaɓe shi a Bama, 1945. Ubale Tahir ya yi masa mariƙi, 2023.”

Muntaka ya riga ya nemi hutun sati biyu a wurin aiki don Babbar Sallah. Habibatu ta ce tafiyar ba ta dame ta ba, rufe bakin sati guda ne take son gani.